Ɓarawo a Igiya, Azurfa a Wuta: Yadda Masu Sayen Kayan Sata Suka Gagari Dokar Ingila

A shekarar 2025 wata kotu a birnin Oxford ta rufe shari'ar wata sata da aka daɗe ana maganarta a Birtaniya. A watan Satumban 2019 ne wasu suka fasa fadar Blenheim, wani katafaren gidan tarihi kusa da Oxford, da asuba, suka tumɓuke wani masai da aka ƙera da zinari, mai nauyin kilo 98, wanda aka yi wa inshorar fam miliyan 4.8. Cikin kimanin minti biyar suka gama suka fice. Mutum biyu da aka samu da hannu a fasa gidan, ɗaya an ɗaure shi shekara huɗu, ɗayan wata 27. Na ukun, wanda ya shiga tsakani don a sayar da zinarin, ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka aka yi masa na wata 21, bai shiga kurkuku ba. Shi kuwa zinarin, har yau ba a gano shi ba. Masu gabatar da ƙara sun ce an daddatsa shi an sayar.

Tambayoyi biyu suka biyo bayan hukuncin. Me ya sa wanda ya nemo kasuwa ya fi samun sauƙi a kan wanda ya haura katanga? Kuma ta yaya kaya masu tsada haka suke ɓacewa ba alama? Tambayoyin ba sababbi ba ne. Ingila ta shafe sama da shekara 300 tana fama da su, sai dai a wancan zamanin azurfa ce a tsakiyar maganar, ba zinari ba. Wanda ya fahimci abin da ya faru da cokulan azurfa a Landan tsakanin 1690 da 1830 zai gane hukuncin na Oxford, zai kuma gane wasu sassa na dokokin da Nijeriya ta gada.

Laifuka uku da ake cakuɗawa

A bakin mutane duk sata ce, amma tsohuwar dokar Ingila ta rarrabe su, kuma rai ko mutuwa na rataye a kan wannan rarrabewa.

Na farko shi ne fasa gida da dare. Sharaɗinsa huɗu ne: a karya ko a buɗe wani abu da ke rufe, a shiga, gidan ya kasance na kwana, kuma ya zama cikin dare da niyyar aikata babban laifi. Ba sai an ɓalle ƙofa ba. Ɗaga sakata, tura taga, ko zurarowa ta bututun hayaƙi duk sun wadatar. Dare kuwa ba da agogo ake auna shi ba a farko: in duhu ya kai ba a iya shaida fuskar mutum da hasken gari, dare ya yi. Sai a 1837 aka ƙayyade shi daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe. Hukuncin wannan laifi rataya ne, ko da ɓarawon bai fita da komai ba, domin abin da doka ke karewa shi ne barcin mai gida, ba dukiyarsa kaɗai ba.

Na biyu shi ne sata a cikin gida ba tare da fasawa ba, irin ta bara ko ɗan haya. Dokar 1713 ta ce wanda ya saci abin da ya kai sule 40 a cikin gida, rataya ce makomarsa.

Na uku shi ne karɓar kayan sata, wato saye ko ajiye abin da ka san na sata ne. Nan gizo ke saƙa. Kafin 1691 dokar Ingila ba ta ɗauki wannan a matsayin babban laifi ba ko kaɗan. Wanda ya ɓoye ɓarawo ya yi babban laifi, wanda ya sayi abin da ɓarawon ya sato kuwa ƙaramin laifi kawai za a iya tuhumarsa da shi.

Me ya sa azurfa ta fi komai jan hankalin ɓarawo

Yawancin ƙarar sata da ake kaiwa kotun Old Bailey ta Landan a kan tufafi da yadi ne, domin su ne a kowane gida. Amma ɓarawon da ya san sana'arsa, azurfa yake nema. Dalilin shi ne a wancan zamani azurfa ba kayan ado ba ce kurum, ita ce kuɗin kanta. Sulen da ke aljihun mutum da cokalin da ke kan teburinsa ƙarfe ɗaya ne, gauraye ɗaya: kashi 925 cikin 1,000 azurfa, sauran jan ƙarfe. Gidan buga kuɗi na sarki yana lissafin oza ɗaya, kimanin giram 31, a kan sule biyar da kwabo biyu.

A yi lissafi da wannan farashi. Babban cokali yakan kai oza biyu, wato sule goma da 'yan kwabbai, alhali lebura a Landan a tsakiyar ƙarni na 18 kusan sule biyu yake samu a wuni. Cokali ɗaya ladan kwana biyar ke nan. Moɗar shan giya mai murfi, mai nauyin oza 25, ta haura fam shida, abin da ya kai ko ya fi albashin shekara na 'yan aikin gida mata da yawa. Cokula huɗu kuwa sun tsallake sule 40 ɗin da dokar 1713 ta gindaya.

Azurfar ta yawaita ne bayan Sifaniyawa sun fara haƙar ta a Potosi, cikin Bolibiya ta yau, daga 1545, da kuma ma'adinan Meziko. Kafin ƙarni na 18 ta sauko daga gidajen sarauta zuwa gidan ɗan kasuwa, da mai shago, da mashaya. Shan shayi ya zo da nasa kayan: buta, ƙananan cokula, mazubin sukari. Bankuna ba su wadata ba, Bankin Ingila kansa sai a 1694 aka kafa shi, saboda haka iyali kan tara dukiyarsu a siffar faranti da alkuki, su yi amfani da su a lokacin wadata, su kai jingina ko su sayar in ta ɓaci. Hausawa sun san irin wannan ajiya, ta awarwaro da warawaran azurfa da mata ke adanawa don ranar buƙata.

Abin lura shi ne narkar da azurfa ba aikin ɓoye ba ne. Kwalejojin Oxford sun miƙa kayan azurfarsu ga Sarki Charles na Ɗaya a lokacin yaƙin basasa aka buga kuɗi da su. Sarki Louis na 14 na Faransa ya narkar da kujeru da teburan azurfar fadarsa a 1689 don biyan kuɗin yaƙi. Duk wanda tsohon farantinsa ya daina yayi yakan kai wa maƙerin fari a narke a sake masa sabo. Kowane maƙeri yana da kasko da zugazugai da gawayi, kuma sayen tsohuwar azurfa rabin sana'arsa ne. Ɓarawo bai buƙaci ya ƙirƙiro kasuwa ba. Halattacciyar kasuwa ya tarar a buɗe, ya shige cikinta.

Tambarin da ba ya jure wuta

Wani zai ce ai kayan azurfar Ingila suna da tambari, me ya hana a bi sawunsu? Gaskiya ne suna da shi, kuma tsarin tsoho ne. Dokar Sarki Edward na Ɗaya ta 1300 ta wajabta buga kan damisa a jikin duk azurfar da ta cika ma'auni. A 1363 aka ƙara alamar maƙeri, a 1478 harafin da ke nuna shekara, a 1544 hoton zaki mai tafiya. Ƙungiyar maƙeran zinari da azurfa ta Landan, wadda ta samu takardar izinin sarki a 1327, ita ke gwadawa tana bugawa.

Sai dai an ƙirƙiro tambarin ne don kare mai saye daga algus, ba don kare mai kaya daga ɓarawo ba. Yana faɗin wanda ya ƙera da shekarar da aka ƙera, ba ya faɗin mai shi. Hasali ma ya sauƙaƙa wa mai sayen kayan sata aiki: da ya ga zaki ya san azurfar ta ƙwarai ce, sai ya ɗora a sikeli ya yanke farashi, ba sai ya gwada ba.

Abin da ke nuna mai kaya shi ne zanen da ya sa aka yi masa, haruffan sunansa ko alamar gidansu. Wannan kuwa ana kankare shi da magagari, ko a karya cokalin gida biyu, ko a bubbuge moɗar ta lotse. In aka jefa a kasko magana ta ƙare. Agogo yana da lamba, doki yana da kama, riga mai ita zai shaida ɗinkinta, amma dunƙulen azurfa ba wanda zai dafa littafi ya rantse cewa nasa ne. Kuma asarar kaɗan ce, tunda a yawancin kayan yau da kullum nauyin ƙarfen ya fi ladan ƙira daraja nesa ba kusa ba.

Gwamnati ma ta sha wahalar wannan kusanci na kuɗi da kwano, ta ɗaya gefen. Mutane suna yanke gefen sulalla suna narkarwa, har a 1696 aka janye tsofaffin kuɗin azurfa aka sake bugawa, shekarar da Isaac Newton ya kama aiki a gidan buga kuɗi. Daga 1697 zuwa 1720 aka tilasta wa maƙera amfani da azurfa mai kashi 958 cikin 1,000, don kada su riƙa mayar da sababbin sulalla faranti.

Daga taga zuwa kasko

Ana iya bin hanyar kayan daga bayanan shari'un Old Bailey, waɗanda aka riƙa bugawa ana sayarwa daga 1674 har 1913. Ƙaramin ɓarawo, mai cokali ɗaya ko biyu, yakan nufi shagon mai karɓar jingina ko maƙeri ya ce gado ya ci, ko uwargijiyarsa ce ta aiko shi. Nan aka fi kama su. Shari'u masu yawa sun faro ne daga mai shagon da ya ga alamar kankara, ko ya ga tufafin mai sayarwa ba su yi kama da na mai irin wannan kaya ba, sai ya riƙe kayan ya aika a kira ɗan doka. Ƙungiyar maƙera tana da 'yan aike na musamman: wanda aka yi wa sata ya biya, a buga takardar siffar kayansa, a rarraba wa maƙera da masu jingina a faɗin gari cikin 'yan sa'o'i. Tsere ne tsakanin takarda da wuta.

Gwanayen ɓarayi ba sa bin wannan hanya. Tun kafin su fita sun san gidan da za su sauke kaya, kuma mai gidan a shirye yake ko da tsakar dare. Farashinsa ƙasa yake da na kasuwa, amma ba ya tambaya, kuma kafin mai kaya ya farka kayan sun sauya kama. Abin da ya fi ƙarfin narkarwa, kamar agogo da zobba, a sauya masa fasali ko a haye da shi Holan.

Wata tsohuwar ƙa'ida ta ƙara dagula lamarin. A dokar Ingila, abin da aka sayar a buɗaɗɗiyar kasuwa da rana ya zama na mai saye in bai san na sata ba ne, kuma a cikin tsohon birnin Landan kowane shago kasuwa ne ga irin hajar da ya saba sayarwa. Wata shari'a ta 1596, wadda a kan kayan azurfa aka yi ta, ta fayyace iyakar ƙa'idar: in an sayar da farantin sata a shagon marubucin takardu, mai shi na iya karɓe abinsa, domin ba wanda zai je neman faranti a can. In a shagon maƙeri ne a bainar jama'a, ciniki ya zauna. In kuwa a bayan labule aka yi, bai zauna ba. Wannan ƙa'ida ba a soke ta ba sai a farkon 1995.

Yadda doka ta yi ta bin baya

A 1691 majalisa ta mayar da mai sayen kayan sata mataimakin ɓarawo. Gyaran ya zo da nasa cikas: mataimaki ba a yi masa shari'a sai an tabbatar da laifin uban tafiya. In ɓarawon ya tsere, mai saye ya sha. A 1702 aka ba da damar gurfanar da shi shi kaɗai, amma a kan ƙaramin laifi. Dokar 1718 ta tanadi korar sa zuwa Amurka na shekara 14, ninki biyu na shekara bakwai da ake ba ƙaramin ɓarawo. Sai a 1827 karɓar kayan sata ya zama babban laifi mai cin gashin kansa. Shekara 136 ke nan daga gyaran farko.

Ko da dokar ta tsaya da ƙafarta, sauran aiki na wurin hujja. Dole a nuna cewa mai saye ya san kayan na sata ne, kuma wanda ya fi kowa sanin haka shi ne ɓarawon, wanda shaidarsa ba ta da nauyi. Kayan da za a ajiye gaban alƙali kuma sun narke.

Ga kuma matsalar da ta fi waɗannan zurfi. Ba 'yan sanda irin na yau a Landan sai 1829, ba kuma lauyan gwamnati mai shigar da ƙara. Wanda aka yi wa sata shi zai nemo ɓarawo, ya tara shaidu, ya biya kuɗin kotu daga aljihunsa. In ya yi nasara a rataye wani yaro, shi kuma sau da yawa ya koma gida hannu rabbana. Mutum mai hankali sai ya ga gara ya sa talla a jarida: wanda ya dawo da moɗa kaza zai samu tukuici, ba za a yi masa tambaya ba. Don cike giɓin rashin 'yan sanda, gwamnati ta sa ladan fam 40 ga wanda ya kama ɗan fashin hanya a 1692, ta faɗaɗa shi zuwa masu fasa gida a 1706. Waɗannan abubuwa biyu, tukuicin mai kaya da ladan gwamnati, su suka haifi mutumin da sunansa ya zama tambarin wannan sana'a.

Jonathan Wild: dillali tsakanin ɓarawo da mai kaya

Wild mutumin Wolverhampton ne, ya zo Landan, bashi ya kai shi kurkuku a 1710, a can ya san ɓarayin gari. Da ya fito ya lura da abu guda: sayen kayan sata ya fara zama haɗari, amma mayar wa mai kaya abinsa a kan la'ada ba doka da ta hana. Sai ya buɗe ofis kusa da kotun Old Bailey. Wanda aka yi wa sata ya zo ya biya sule biyar a rubuta ƙorafinsa. Bayan 'yan kwanaki a ce masa an ji labarin kayan, ya ba da kaza a kawo masa ta hannun ɗan aike. Wild ba ya bari a ga kayan a hannunsa. Ɓarayin kuwa da yawansu yaransa ne, kuma abin da yake ba su ya fi na mai kasko, tunda mai kaya zai biya fiye da nauyin ƙarfe don ya samu moɗar da ya gada daga mahaifinsa.

Ɓarawon da ya ƙi kawo masa kaya, ko ya zama barazana, sai Wild ya miƙa shi kotu ya karɓi fam 40. Fiye da mutum 60 aka rataye ta hanyarsa. Ya laƙaba wa kansa sarautar babban mai kama ɓarayi na Birtaniya da Ayalan, yana yawo da gajeriyar sandar azurfa kamar wani ma'aikacin hukuma. Takardar tuhumar da aka karanta a 1725 ta ce yana da rumbunan ajiya, da masu sana'ar da ke sauya fasalin agogo da zobba, da jirgin ruwa mai kai kaya Holan.

Labarin Jack Sheppard ya nuna yadda igiyar take zarge wuyan na ƙasa. Yaron kafinta ne, satarsa ta farko da aka sani cokulan azurfa biyu ne daga wata mashaya a Charing Cross a 1723. A watan Yulin 1724 shi da abokinsa Joseph Blake suka fasa gidan wani mai sayar da yadi, William Kneebone, suka kwashi yadin ulu da cokulan azurfa biyu. Suka nemi William Field ya sayar musu. Field ya kai wa Wild labari, sannan ya tsaya a kotu ya ba da shaida a kansu. Sheppard ya tsere daga tsare har sau huɗu, abin da ya sa ya yi suna a gari, amma an rataye shi ranar 16 ga Nuwamban 1724 yana da shekara 22. Blake ma an rataye shi, bayan ya yanki Wild a wuya da wuƙa a harabar kotu. Field, dillalin kayan, ya fita lafiya a wannan karon.

Dokar 1718 tana da wani sashe da aka yi imanin don Wild aka rubuta shi: wanda ya karɓi lada don dawo da kayan sata ba tare da ya gurfanar da ɓarawon ba, hukuncinsa ɗaya da na ɓarawon. Shekara bakwai ya yi yana zille mata. A watan Mayun 1725 aka tuhume shi da satar leshi daga shagon wata mata, aka wanke shi. Aka sake tuhumarsa da karɓar gini goma, wato fam goma da sule goma, daga hannun matar don ya dawo mata da leshin. A kan wannan aka rataye shi a Tyburn, filin rataye masu laifi na Landan, ranar 24 ga Mayu. Sana'ar ba ta mutu da shi ba, domin a 1752 sai da majalisa ta sa tarar fam 50 a kan duk tallar da ta yi alkawarin ba za a yi tambaya ba.

Ko hatimin sarki bai tsira ba

A 1677 wani Thomas Sadler ya fasa gidan shugaban alƙalan Ingila, wanda shi ke ajiye babban hatimin sarauta, ya sace sandar girmansa ta azurfa. An tarar da sandar a kakkarye a masaukinsa, aka rataye shi. A watan Maris na 1784 aka sake fasa gidan mai wannan muƙami, Thurlow, a titin Great Ormond, wannan karon aka tafi da hatimin kansa, ana gab da rushe majalisa don zaɓe. Aka yi ta raɗe-raɗin cewa 'yan adawa ne, ba a kuwa samu hujja ba. Cikin gaggawa aka sassaƙa sabo. Tsohon ba a sake ganinsa ba, kuma abin da aka fi rinjaya a kai shi ne ya bi hanyar da cokula ke bi.

Ra'ayoyin da suka yi karo

Ɓangare na farko ya dogara da tsoro. A ganinsu fasa gida da dare cin zarafin iyali ne a lokacin da ba su da kariya, kuma a garin da ba 'yan sanda, igiya ce kaɗai mai gadi. Hujjarsu tana da ƙarfi ta fuskar girman laifin. Rauninta shi ne ba a iya aiwatar da ita yadda aka rubuta. Masu taya alƙali yanke hukunci sukan rantse cewa kayan fam da yawa sule 39 ne kacal, don su kuɓutar da wanda ake tuhuma daga dokar sule 40, ko su ce ba a tabbatar dare ne ba. Da yawa daga waɗanda aka yanke wa kisa sarki ya yi musu afuwa aka kore su ƙetare.

Ɓangare na biyu ya ce a bi kasuwa. Henry Fielding, alƙalin kotun Bow Street da ke Landan, ya rubuta a 1751 cewa sauƙin sayar da kayan sata na cikin manyan abubuwan da ke ƙarfafa ɓarayi, ya nemi a sa wa masu karɓar jingina ido. Ƙaninsa John Fielding, makaho, wanda ya gaje shi a 1754, ya mayar da hankali ga yaɗa labari da sauri, har ya fara buga jerin masu laifi ana aikawa sassan ƙasa daga 1772. Patrick Colquhoun, wani alƙalin, ya ƙiyasta a 1796 cewa masu sayen kayan sata a Landan sun kai 3,000. Masana tarihi na ɗaukar alƙalumansa da taka-tsantsan, domin yana neman a kafa rundunar 'yan sanda ne, kuma babban adadi na taimakon hujjarsa.

Ɓangare na uku su ne 'yan kasuwar. Masu karɓar jingina suka ce su ne bankin talaka: matar da ke kai rigar mijinta ranar Litinin ta fanso ranar Asabar ba ta da wata madogara, kuma in aka tsananta, ita za ta fara ji a jikinta. Suka ƙara da cewa su ne ma suke kama ɓarayi da yawa, kuma bayanan kotu sun gaskata su a nan. Matsakaicin da aka cim ma shi ne rajista: dokar 1757 ta wajabta musu rubuta abin da suka karɓa, daga baya aka ƙara lasisi.

In aka auna, hujjar masu cewa a bi kasuwa ta fi tsayawa a kan azurfa musamman, domin ba mai satar moɗa don ya sha ruwa da ita. Amma ba ta bayyana komai ba. Binciken masana ya nuna ƙarar sata na hauhawa ne duk lokacin da aka gama yaƙi aka sallami sojoji da matuƙan jirgi, kamar bayan 1713, 1748, 1763 da 1783, da kuma shekarun tsadar abinci. Mai kasko yana sauƙaƙa sata, yunwa da zaman banza su ke kawo masa masu kaya. Yawancin masu sayen ma ba irin Wild ba ne, masu mashaya ne da masu gidan haya da 'yan gwanjo, waɗanda ke haɗa halal da haram a kan kanta ɗaya.

Wanda abin ya fi shafa

Attajiri in an kwashe masa faranti yakan sayi wasu. Wanda ya ji jiki shi ne mai ƙaramin shago ko gwauruwar da cokulanta shida su ne dukan ajiyarta. Sai 'yan aikin gida, waɗanda su ke goge azurfar, su ake fara zargi in ta ɓace, kuma dokar 1713 su ta ambata a gabatarwarta. Baranyar da aka kora bisa zargi, ba takardar shaidar hali, da wuya ta sake samun aiki. Ladan fam 40 kuma ya jawo wata musiba: a 1754 aka bankaɗo gungun Stephen MacDaniel, masu shirya fashin ƙarya su ɗora wa samarin da ba su ji ba ba su gani ba, don su karɓi kuɗin. Kimanin mutum 50,000 aka kora Amurka tsakanin 1718 da 1775, kafin a koma kai su Ostareliya. Yahudawan Landan su ma sun ɗauki kaso na zargi fiye da adadinsu, saboda wasu fitattun shari'u irin ta Ikey Solomon, wanda aka kora na shekara 14 bayan shari'arsa ta 1830, alhali sana'ar ta game kowane jinsi.

Abin da ya rage wa azurfa farin jini a wurin ɓarayi bai zo daga kotu kaɗai ba. Wajen 1743 Thomas Boulsover na Sheffield ya gano yadda ake manna siririyar azurfa a kan jan ƙarfe, a 1840 kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar shafa ta da lantarki. Gidaje da yawa suka koma amfani da kayan da ke ƙyalli kamar azurfa amma ba su da amfani a kasko, dukiya kuma ta koma banki.

Abin da ya rage a dokokin yau

Dokar sata ta Ingila ta 1968 ta soke bambancin dare da rana, ta kuma sa wa mai mu'amala da kayan sata iyakar ɗaurin shekara 14, alhali sata zalla iyakarta bakwai ce a yanzu. Wato a rubuce ra'ayin Fielding ne ya yi nasara. A aikace kuwa alƙali na duba rawar da aka tabbatar mutum ya taka, kuma rawar dillali ita ce mafi wuyar tabbatarwa in kayan sun narke, kamar yadda aka gani a Oxford, inda aka wanke mutum na huɗu, mai sayar da kayan ado, gaba ɗaya. Tsarin rajista ma ya dawo da sabuwar riga: dokar 2013 ta hana masu sayen tsofaffin ƙarafa a Ingila biya da tsabar kuɗi, ta kuma wajabta musu tantance mai sayarwa.

Nijeriya ta gaji wannan gini ta hanyar mulkin mallaka. Kundin laifuka na Kudu da na Arewa duka suna tsananta hukuncin fasa gida da dare fiye da na rana, kuma duka sun ware karɓar kayan sata a matsayin laifi na daban mai ɗaurin da kan kai shekara 14. Muhawarar ma ta biyo dokar. A Janairun 2025, bayan an yi ta sace murafun magudanun ruwa a titunan Abuja, hukumar birnin ta rufe kasuwannin panteka na mako biyu don tantance masu sana'ar, ta kuma hana 'yan bola-jari yawo a cikin gari. Masu sana'ar suka amsa da irin abin da masu jinginar Landan suka faɗa a ƙarni na 18, cewa mafi yawansu halal suke nema, kuma dubban iyalai da wannan ciniki suke ci.